Me ya sa tsofaffin mahaya BMX suke cewa an lalata filin tsere?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma ɗana mai shekara 9 ya shiga kulob ɗin tseren keken BMX. Duk ranar da na kai shi sai in tarar da dattawan da suka yi wasan a da suna gunaguni, wai filayen yanzu an mayar da su titi, an kashe tseren. Ni kuwa da na kalli na Olamfik a talabijin sai na ga abin ya wuce hankali. Me ya canza a filayen nan? Dattawan suna da gaskiya? Kuma ya kamata in ji wa yaron tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya raya maka shi, ya tsare. Ina cikin dattawan da kake magana a kansu. Na fara wannan tsere a nan Ingila tun farkon shekarun 1980, daga baya na koma koyar da yara da gyaran fili da shebur da manjagara, don haka gunagunin nan a gidanmu ake yin sa. Suna da gaskiya a kan abin da aka rasa. Ba su da gaskiya in suka ce na yanzu ya fi sauƙi. Kuma a ganina ɓarnar da ta fi girma tana filayen unguwa, irin wanda kake kai ɗanka, da aka bari suna kwaikwayon filin Olamfik.

Wasan ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya ta Amurka, wajen yaran da suke sha'awar tseren babura a kan ƙasa amma ba su da babur. Abin da suke da shi ƙaramin keke ne mai taya inci 20, Schwinn Sting-Ray, wanda aka fara sayarwa a 1963. A 1969 Ron Mackler ya fara shirya wa yara tsere a Palms Park da ke yankin Los Angeles. A 1970 Scot Breithaupt, wanda lokacin yaro ne, ya fara nasa a wani kangon fili a Long Beach. Da wani fim na tseren babura ya fito a 1971 ya buɗe da hoton yara suna kwaikwayon manya a kan kekunansu, sai abin ya bazu ko'ina a Amurka. Ƙungiyoyin shirya tseren BMX suka biyo baya: NBA a 1973, NBL a 1974, ABA a 1977.

Abin da nake so ka riƙe game da filayen wancan lokaci shi ne, ƙasar wurin ce take tsara su. In an samu gefen tsauni sai a gangaro daga sama har ƙasa, kamar filin Corona a Kalifoniya da ya yi suna da gudu da ban tsoro. In an samu kwari sai a ratsa ta cikinsa. Akwai filaye masu ramin ruwa da taɓo, akwai masu kwanar da ke karkata waje, tana neman jefar da kai maimakon ta riƙe ka. Tsofaffin tayoyin mota da dammunan ciyawa su ne iyaka. Wurin tashi kuwa wani lokaci tuta ce a hannun mutum, wani lokaci doguwar roba ce a ja a saki. Lambar mahayi sau da yawa a kan farantin takarda ake rubuta ta a ɗaura a gaban keke. Babu fili biyu da suka yi kama, kuma wanda ya saba da nasu filin yana da fifiko babba a kan baƙo, ko da baƙon zakara ne.

Nan Ingila abin ya iso wajen 1980, aka yi filin farko a Redditch, kuma cikin 'yan shekaru kusan kowane gari ya samu nasa. A 1981 aka kafa ƙungiyar BMX ta duniya, aka yi gasar duniya ta farko a 1982 a Dayton ta jihar Ohio, inda Greg Hill ya yi nasara. A 1986 gasar ta zo garin Slough a nan Ingila. Filayen da muka tashi a kansu a wannan zamani sun riga sun bambanta da na Kalifoniya na farko. Tudun tashi gajere ne, sai dogon layi da za ka yi ta buga feda har cinya ta ɗauki wuta, sai tudu ɗaya ko biyu da za ka iya tsallakewa ko ka bi ta kansu a hankali, sai kwanar ƙasa. Mai ƙarfin ƙafa da taurin kai shi ne sarki.

Su ma na 1970 sun yi mana gunaguni a lokacin, suna cewa filayenmu shimfiɗaɗɗu ne, ba gangara ba haɗari. Mu kuma muka yi wa na 1990 da suka cika fili da tuddai. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma in ka saurari dattawan kulob ɗinku da kyau za ka ji ba bara ɗaya suke tunawa ba. Siffar da ka sani yau, layi huɗu da kwana uku a naɗe kusa da juna, tana da alaƙa da manyan gasanni da Amurkawa suka riƙa yi a cikin rufaffun ɗakunan taro, inda ake kwaso ƙasa da tifa a gina fili cikin 'yan kwanaki a rushe bayan an gama. Wuri ƙarami ne, dole a naɗe hanya, kuma mai kallo yana ganin komai daga kujerarsa. Da wannan siffa ta karɓu sai aka fito da ita waje.

Amma in za ka tambaye ni abu ɗaya da ya fi canza tseren, zan ce kwana. Nan ne ya kamata ka fahimci dattawan nan sosai.

A kwanar ƙasa mara bango, ko mai ɗan gajeren bango, babu wanda zai shiga da cikakken gudunsa ya fita lafiya. Dole ka yanke shawara. Ka taka birki da wuri ka kama ciki, ko ka bar gudu ka zagaya ta waje? Ka sauke ƙafar ciki kana jan ta a ƙasa, tayar baya na zamewa, ko ka bar ƙafa a feda ka dogara da taya? Kuma shawarar safe ba ita ce ta yamma ba. Da safe ƙasa na da danshi tana riƙe taya. Kafin azahar ta bushe, ɗaruruwan tayoyi sun tona mata ramuka, tsakuwa ta taru a waje. In aka yayyafa ruwa tsakanin zagaye sai ta sake zama wata aba. Mahayi mai hankali yakan tsaya gefen kwana yana kallon na gabansa, yana lura da inda ƙasa ta fara sakewa. Saboda kowa sai ya rage gudu, mutum takwas sukan cure wuri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, gwiwar hannu na aiki. Wanda ya fita na biyar daga ƙofar tashi yana iya fita na biyu daga kwanar farko, ya ci tseren a ta ƙarshe. Yaro mara ƙarfi amma mai wayo yana da rabo. Wannan shi ne abin da dattawa suke nufi in suka ce "tsere", kuma ni ma ina kewarsa.

Kwanar yau doguwar ganuwa ce mai gangare, an shafe ta da kwalta ko kankare. Taya na kamawa safe da yamma, rani da damina. Ba ka taka birki, ba ka sauke ƙafa, gudun da ka shigo da shi kusan shi za ka fita da shi. Tun da hanya mafi sauri guda ɗaya ce kuma kowa ya san ta, sai su bi ta a jere. Ana wuce mutum har yanzu, kada a gaya maka ba a yi. Akan hau sama a yanko ƙasa a shiga ta cikinsa, ko a shigo ta ƙasa a tura shi saman bango har gudunsa ya mutu. Sai dai yin haka a irin gudun yanzu kasada ce mai tsada, kuma in na gaba bai yi kuskure ba, da wuya ka same shi.

To me ya sa aka zuba kwaltar? Wanda ya taɓa riƙe kulob ya san amsa. Kwanar ƙasa tana cin mutane. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai zaizaye ta, ya bar kwari a gindinta, kuma iyaye ne 'yan sa kai za su fito da baro da shebur ranar Asabar da sassafe su gyara kafin yara su iso. A ƙasa irin Ingila da ruwa ba ya sallama, ana soke tsere saboda taɓo sau da yawa. Kwalta ta kawo ƙarshen wannan wahala. Haka layukan ma aka koma shafe su da garin dutse a daddaɓe da inji, wasu wurare a zuba maganin da ke ɗaure ƙasa, a yi magudanar ruwa a ƙarƙashi. Duk dattijon da ke zagin kwalta, ka tambaye shi ko zai zo gyara kowane mako. Wasu za su zo, amma ba su kai yawan da aikin ke bukata ba.

Sai wurin tashi. Daga tuta da roba aka koma ƙofar ƙarfe da mutum ke saki da hannu, daga nan aka zo wadda injin iska ke bugawa ƙasa da ƙarfi. A zamaninmu kiran tashi iri ɗaya ne kullum, ka haddace shi, har gwanaye sukan ja baya kaɗan su taho da gudu daidai lokacin da ƙofa za ta faɗi. A shekarun da ake shirin shiga Olamfik aka sauya. Yanzu murya tana gama magana sai a yi jinkirin da kwamfuta ke zaɓa, daga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2.7, sannan fitilu da ƙara su biyo, ƙofa ta faɗi. Wannan gyara ne mai kyau, ya fi adalci, ban taɓa jin hujja mai ƙarfi a kansa ba.

Tudun da ƙofar ke kai shi ne babbar magana. A 1993 BMX ta shiga ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI. A 2003 kwamitin Olamfik ya amince a saka ta a wasannin Beijin na 2008. Masu shirya abin suna son wasan da zai kama idon wanda bai taɓa ganinsa ba cikin daƙiƙa 40, sai suka ɗauko salon manyan filaye masu gangara da aka gwada a Amurka a farkon shekarun 2000, suka kafa tudun tashi mai tsayin mita 8 ga manya. Ƙananan rukuni a manyan gasanni suna tashi daga mai mita 5. Ka yi lissafi. Abin da ya gangaro daga mita 8, ko ba a taɓa feda ba, zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 45 a awa. Ka ƙara ƙarfin ƙafar mutumin da ya shekara yana ɗaga ƙarfe, sai ka same shi wajen kilomita 60 a gindin tudu, cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Kuma ƙarfin faɗuwa ba ya tafiya daidai da gudu, ninkawa yake yi. Wanda ya faɗi a kilomita 60 jikinsa ya sha fiye da ninki biyu na wanda ya faɗi a 40.

Haɗa tudun nan da kwanar kwalta, za ka ga abin da ya samu tseren. Wanda ya riga kowa isa gindin tudu shi zai fara shan tsallen farko, ya rufe ciki, ya shiga kwanar farko a gaba, kuma mafi yawan lokuta shi zai kai ƙarshe a gaba. A manyan gasanni ma wanda ya fi sauri a zagayen baya shi ke fara zaɓen layin tashi, ya ɗauki na ciki. Shi ya sa manyan mahaya suke kashe rabin atisayensu a kan bugun feda uku ko huɗu na farko. Tsere ne na mita 300 zuwa 400 da wani abu, amma kaso mafi girma na hukuncinsa yana faɗuwa a mita 30 na farko.

Tuddan da ke kan layi su ma sun sauya ma'ana. A da tudu cikas ne guda ɗaya a tsakiyar hanyar da kake buga feda. Yanzu layin gaba ɗaya tuddai ne, ɗaya na miƙa ka ga ɗaya. Akwai tagwaye masu rami a tsakani, akwai masu shimfiɗaɗɗen kai da ake kira tebur, akwai waɗanda bayansu ya fi gabansu tsawo, sannan akwai layin ƙananan tuddai a jere kamar kunyoyin gona, wanda ba a buga feda a cikinsa sam. Gudu a nan daga jiki yake fitowa: ka sassauta a hawa, ka danna keke da hannu da ƙafa a gangara, ko ka ɗaga tayar gaba ka bi ta kan biyu ko uku da ta baya kaɗai. A manyan filaye ana raba layi gida biyu, gefen manyan maza yana da ramukan da wasu suka wuce mita 10.

Ga abin da na fi so iyaye su gane. A tsohon fili, in ka ji tsoro, birki shi ne mafita. Ka rage gudu ka bi ta kan tudu, ka zo na ƙarshe, ka koma gida lafiya. A babban filin yanzu an auna tazarar kowane rami da wani gudu na musamman. In ka zo da ƙasa da shi, tayarka za ta daki goshin tudu na biyu, keke ya tsaya, kai ka wuce. Iska ta buso daga gefe, ko na gabanka ya ɗan taɓa birki, sai ka rasa gudun da tsallen ke bukata alhali ba ka da wurin fasawa. A irin wannan wuri mai jinkiri ya fi mai sauri shiga haɗari, kuma wannan sabon abu ne a wasan.

Keken ma ya bi fili. Daga ƙarfe aka koma alminiyam, daga nan kabon mara nauyi, birki ya koma na faifai a wajen da yawa. Wanda ya fi tasiri shi ne feda mai kama takalmi, da ta shigo a tsakiyar shekarun 1990. Tana ba ka damar juya ƙafa da sauri ba tare da ta zame ba, tana kuma sa ka ja keke sama cikin sauƙi. Amma mai ƙafa a ɗaure ba ya son kwanar da za ta sa shi sauke ƙafa, don haka feda ta nemi kwana mai santsi, kwana mai santsi ta ƙara wa fedar daraja, kowanne na jan ɗaya. Dokar UCI ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 13 amfani da ita, kuma na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari.

Kada ka ɗauka tsofaffi kaɗai ne suka taɓa cewa an wuce gona da iri. A gwajin filin Olamfik na Landan a 2011 manyan mahaya sun koka, aka gyara shi kafin 2012. A gwajin filin Olamfik na Rio a 2015 sun ƙi hawa sai da aka sake fasalin wasu tuddai. Raunuka kuma sun faru ga mafi gwaninta. Sam Willoughby na Ostireliya, zakaran duniya sau biyu kuma mai lambar azurfa a Olamfik na Landan, ya karya wuya a 2016 a wajen atisaye na yau da kullum a Chula Vista, ya koma keken guragu. Wani ɗan Ostireliyan mai suna Kai Sakakibara ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa a gasar Bathurst a 2020, kuma ƙanwarsa Saya ce ta ci zinare a Olamfik na Paris a 2024 ɗauke da lambarsa, 77. Connor Fields, mai zinaren Rio, ya faɗi a kwanar farko a Tokyo a 2021 jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. In dattijo ya ambaci waɗannan sunaye, ba hassada ke magana ba.

Inda nake rabuwa da abokaina shi ne in suka ce yaran yanzu an shimfiɗa musu tabarma. Abin da Maris Strombergs na Latbiya ya yi da ya ci zinaren Olamfik a 2008 da 2012, ko Mariana Pajon ta Kolombiya a 2012 da 2016, ko Joris Daudet da 'yan uwansa Faransawa biyu da suka kwashe lambobin yabo uku na maza a Paris, gwaninta ce da babu wani a zamaninmu da ya kusance ta. Yaro ɗan shekara 12 a kulob mai kyau yau yana sarrafa keke fiye da yadda zakarunmu suke yi. Tsofaffin filayen ma ba aljanna ba ne. An karya ƙashi a kansu ba adadi, da hular kwano mara kare haɓa, da wandon jins, da duwatsu a gefen hanya, kuma ba kowane wuri ke da mai ba da agajin gaggawa ba. Fili mai santsi da ake iya hawa duk shekara shi ya buɗe ƙofa ga yara 'yan shekara 4 da 5, ya ƙara yawan 'yan mata, ya sa unguwa irin Peckham a Landan ta fitar da Kye Whyte, wanda ya ci azurfa a Tokyo a ranar da Bethany Shriever ta ci zinare. Wanda ya manta da wannan bai yi adalci ba.

Damuwata tana wani wuri. Tudun mita 8 an yi shi ne domin 'yan ɗaruruwan mutane a duniya, kuma a wajensu ya dace. Amma bayan 2008 duk kulob ɗin da ya samu kuɗin gyara sai ya so a ce filinsa na fitar da 'yan Olamfik. Aka daina gini da hannun iyaye, aka koma kiran kamfanoni da katafila da zane a kwamfuta, kuma zanen kusan ɗaya ne ko'ina. Aka ɗaga tudun tashi, aka zurfafa ramuka, aka gajarta wurin buga feda. Sakamakon na gan shi da idona. Yaro sabon shiga ya tsaya a saman tudu ya leƙa ƙasa, ya ce wa babansa su tafi gida. Magidanci ɗan shekara 45 da ya yi wasan yana yaro ya dawo da keke mai taya inci 24, ya tarar ƙwarewar da yake da ita, ƙarfin ƙafa da iya kwana, ba ta da wurin aiki, wadda ake bukata kuma bai taɓa koya ba. Wasu suna koyo. Da yawa sukan karya ƙashin kafaɗa a watan farko su ajiye keken. Wani ɓangare na gunagunin da kake ji ciwon wannan ne: fili ne da suka gina da hannunsu, yau ba shi da wuri dominsu.

Akwai kuma tsada. Wasan da ya fara a kango da shebur ya zama wanda, in kana son kaiwa ƙoli, sai kana kusa da ɗaya daga cikin 'yan filaye masu babban tudu, irin Papendal a Holan, ko Manchester, ko Saint-Quentin-en-Yvelines a Faransa, ko cibiyar UCI da ke Aigle a Switzalan. Afirka ta Kudu ta karɓi gasar duniya a Pietermaritzburg a 2010, ɗanta Sifiso Nhlapo ya ci azurfa a gaban mutanensa, amma yawancin ƙasashen Afirka ba su da inda yaro zai koyi gangarowa daga mita 8. Irin filin 1970 kuwa samarin kowace unguwa a Kano ko Damagaram za su iya tayar da shi da jar ƙasa cikin mako.

Filin kulob da nake yabawa shi ne mai tudun tashi matsakaici, da layin farko mai isasshen wurin buga feda domin a jeru kafin tsallen farko, da tuddai masu cikakken kai waɗanda ƙwararre zai tsallake, sabon shiga ya bi ta kansu ba abin da zai same shi. In za a yi ramuka, a yi su a gefe guda, mai so ya zaɓa. Kwanoni su yi faɗi yadda hanya biyu za su yi kusan daidai a sauri. Kuma da ni ke da iko, da kowane fili ya bar kwana ɗaya ta ƙasa, ko ta ƙarshe ce, domin yara su san yadda taya ke zamewa kuma na baya ya samu inda zai gwada sa'arsa. Ƙananan filayen kwalta na koyon danna keke da suka yawaita a 'yan shekarun nan sun taimaka ƙwarai, domin can ne yaro ke koyon aikin jiki ba tare da mutum bakwai a gefensa ba.

Game da ɗanka, abin da ka gani a talabijin ba shi zai hau ba, kuma shekaru da yawa ne tsakaninsa da shi. Haɗari akwai, zai faɗi, zai kurje, wataƙila wata rana ya yi targaɗe ko karaya, amma a gudun 'yan shekara 9 abin da sauƙi in an kiyaye. Hular kwano mai rufe haɓa wadda ta yi masa daidai, ba wadda zai girma a cikinta ba. Safar hannu, riga mai dogon hannu, dogon wando mai kauri, da abin kare gwiwa. Ka bar shi a kan feda ta gama-gari ko bayan ya kai shekarun da doka ta yarda, har sai ya iya tsalle da ɗaga tayar gaba ba tare da ƙafarsa ta bar feda ba. Kada ka bari a zuga shi ya tsallake rami saboda sa'ansa ya yi. Mai koyarwa ne zai ce ya isa, bayan ya ga yana sauka daidai a kan tebur mai irin wannan tazara sau da yawa.

Ka samu ɗaya daga cikin dattawan nan, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya zagaya filin da ku a ƙafa kafin a fara. Zai nuna muku inda kwalta ta haɗu da ƙasa, wanda nan ne tsakuwa ke taruwa taya ta zame. Zai nuna goshin tudun da ya fara zaizayewa, da layin da iska ke bugawa daga gefe. Ka kuma roƙe shi ya ɗauki yaron zuwa wani fili mai ciyawa ko ƙasa, ya jera masa robobin ruwa, ya koya masa shiga kwana mara bango da ƙafa a ƙasa. A ranar tsere kuma ka duba da kanka ko akwai masu agajin gaggawa a wurin, da mai riƙe tuta a kowace kwana, kafin ka bar shi ya hau tudu.